Rakiyar Ɗorawa Zuwa Bayan Duwatsu

Daga Clinton zuwa Upper Marlboro

Ranar Asabar ta ƙarshen watan Oktoba na 2009, tun alfijir bai keto ba na fito daga gidana a Clinton. Uwargida Hajiya Binta ta miƙo mini fulas ɗin shayi da ƙullin dambun nama, ta ce, "Alhaji, ni dai tafiyar nan ba ta kwanta mini ba." Na ce ta yi mana addu'a. Ban gaya mata ni ma ba ta kwanta mini ba.

Ɗorawa za mu raka. Sunan da yaranmu suka sa wa tsohuwar bas ɗin Islamiyyarmu ke nan, saboda launinta. Irin motocin nan ne na ɗaukar 'yan makaranta, mai dogon hanci, mai shan dizal, ƙirar farkon shekarun 1980. A gwanjo muka saye ta, ta fi shekara goma tana kwaso mana yara duk Asabar da Lahadi. Da tsufa ya kama ta, masu inshora suka ce ba za su ƙara yarda ta ɗauki yara ba, sai kwamitin masallaci ya ce a ba 'yan gwangwan. Ni na hana. Na yi ta cigiya har na samu wani dattijo Ba'amurke, Mista Walter, tsohon direba, da ke da gona a bayan garin Cumberland, inda shi da abokansa suke tara tsofaffin bas-bas suna gyarawa suna adanawa. Ya ce yana so, in za mu kai masa.

Wanda zai tuƙa shi ne Malam Isuhu, mutumin Maraɗi, wanda ya yi mana tuƙinta duk tsawon shekarun nan kyauta. Sauran ranakun mako motar makarantar gwamnati yake ja, da lasin ɗin nan yake ciyar da iyalinsa. Ni na lallashe shi, ni kuma zan bi shi a baya da motata don mu samu abin dawowa.

Na tarar da shi a filin masallacinmu na Upper Marlboro da tocila a baki, kansa cikin inji. Bayan mun yi sallah ya murza makulli. Ɗorawa ta yi tari, ta yi shiru. Sai a karo na uku ta kama, baƙin hayaƙi ya turnuƙe filin.

Ya ce, "Alhaji, in jandarmomi sunka amshe farmina na tuƙi, kai za ka gaya wa uwar ɗiyana."

Ya faɗa yana dariya, amma ni ban iya tayawa ba.

Hanyar Frederick

Wajen ƙarfe shida muka hau babban titin da ya kewaye Washington. Ɗorawa ba ta wuce mil arba'in da biyar a awa, manyan motoci kuwa sai su zo gab da ni, su danna ham, su wuce iskarsu na jijjiga ni. Na kunna fitilun gargaɗi, na manne a bayanta. Ba na ganin komai sai ƙofarta ta baya da hayaƙin salansa. Ko da na rufe gilashi, warin dizal ya cika mini mota har kaina ya fara sarawa.

A Frederick muka tsaya shan mai. Isuhu ya zagaya yana taɓa tayoyi da bayan hannu, ya leƙa ƙarƙashi, ya daɗe. Na ce lafiya? Ya ce ruwa ne ke ɗiga kaɗan daga tiyon lagireto, ba komai. Muka sayi galan biyu na ruwa, muka sha shayi a tsaye. Wata tsohuwa da ke zuba mai a gefenmu ta yi ta kallon rubutun Larabcin da ke jikin motar, sunan Islamiyyarmu, sannan ta kalli hulunanmu. Na yi mata murmushi. Ta kau da kai.

Kafin Hancock

Mun wuce Hagerstown da hantsi, hanya ta fara hawa. Ina cikin lura da yadda Ɗorawa ke nishi sai na ga shuɗiyar fitila tana walƙiya a madubina. Motar ɗan sanda ce. Na kauce gefe, Isuhu ma ya kauce.

Wanda bai zauna ƙasar nan a shekarun nan da ake yi wa Musulmi kallon 'yan ta'adda ba, ba zai gane ba. Musulmi biyu, da gemu, da motar 'yan makaranta babu yara, a hanyar da ta fito daga Washington. Na ɗora hannuwana a kan sitiyari kamar yadda ake koya mana, ina karanta duk abin da ya zo bakina.

Ɗan sandan ya fara da ni. Ya ce an kira su an ce wata bas tana hayaƙi, kuma ba a gane masu ita ba. Ya tambayi inda za mu, na faɗa. Ya ce, "Wa zai so wannan?" Na ce akwai wanda yake so. Ya karɓi takarduna, ya wuce wurin Isuhu. Ina hango su, ba na jin abin da suke cewa. Na ga Isuhu ya miƙa lasin, na ga ɗan sandan ya shiga motar ya bi kujeru ɗaya bayan ɗaya har baya, ya sauko ya koma motarsa da lasin ɗin a hannu. Zaman da ya yi a ciki, Allah kaɗai ya san tsawonsa a wurina. Ba abin da nake tunawa sai 'ya'yan Isuhu huɗu.

Da ya fito, sai ya kira lambar Mista Walter a gabanmu. Daga inda nake tsaye ina jin muryar dattijon yana ɗaga harshe, wai tun safe yake jiran motarsa. Ɗan sandan ya mayar wa Isuhu lasinsa, bai rubuta komai ba. Amma ya nuna ruwan da ya taru a ƙarƙashin injin, ya ce ba zai bar mu mu hau duwatsu haka ba, mu bi shi zuwa Hancock a gyara.

Kwana a Hancock

Ƙaramin gari ne a bakin kogi. Bakanike ɗaya muka samu a buɗe, ya ce tiyon irin na da ne, sai ya aika an nemo, ba zai iso ba sai yamma. Haka muka kama ɗaki a wani ƙaramin masauki, dala sittin da 'yan kai, gadaje biyu da warin tsohuwar taba. Abincin garin duk da naman alade a kusa, don haka muka sayi burodi muka ci da dambun Hajiya.

Na ce wa Isuhu, "Malam, ko mu bar ta nan, in nemo mai ja?"

Ya ce, "Alhaji, ta kai ɗiyanmu karatun Alƙur'ani shekara da shekaru da ƙahwahunta. Ba a kai ta gidan hutu bisa igiya kamar mushe."

Da magariba bakanike ya ɗaura tiyo.

Dutsen

Lahadi da sassafe muka tashi, hazo ya rufe ko'ina. Ba nisa da garin akwai wani dogon dutse da aka tsaga aka fitar da titi ta tsakiyarsa. Hawan bai dame ni ba, ko da yake Ɗorawa tafiyar kunkuru ta yi. Gangaren ne abin tsoro. A bakinsa akwai alluna da ke gargaɗin direbobin manyan motoci, har da wata hanyar tsakuwa da aka ware a gefe don wanda birki ya yanke masa.

Da farko jajayen fitilunta na kamawa suna saki daidai. Can sai na ga sun kama ba su saki ba, ita kuwa maimakon ta rage gudu, sai nisa take yi mini. Wani wari ya shigo mini, ba na dizal ba, kamar na ƙonon roba. Na duba allurar gudun motata, na ga mun haura sittin. Ɗorawa da ba ta taɓa yin hamsin ba! Na ɗauki waya, na ajiye, don wane hannu zai ɗauka da shi? Muka zo hanyar tsakuwar, na ce zai shiga, ya wuce. Sai na ji injin ya yi wata ƙara kamar zai tarwatse, bayanta ya girgiza, hayaƙi ya rufe mini gilashi. Da ya washe, na gan ta tana shan kwana a hankali, ta sauka fili.

Ya tsaya a gefe. Na zo da gudu. Yana zaune, ya ce, "Birki ya ɗan yi zahi. Mu ba ta hutu." Muka zauna har ƙafafun suka huce, sauran tuddan kuwa da giya ta biyu ya bi su.

Gonar Mista Walter

Kafin azahar muka isa. Dattijo ne dogo, ya haura saba'in, yana dogara sanda. Bai ko gaishe mu ba sai da ya zagaya motar yana shafa ta. A cikin rumfarsa akwai bas-bas kusan goma, na makaranta da na cikin gari, wata koriya ma ya ce ta girmi Isuhu. Duk an wanke su, kowace da tarihinta a manne a gilashi. Ya ce kowane wata sai sun tayar da su, don injin dizal zama ne ke kashe shi.

Ya ce Isuhu ya shigar da ita da kansa. Isuhu ya gyara mata tsayuwa tsakanin wasu biyu, ya kashe inji, ya daɗe bai sauko ba. Matar gidan ta kawo mana gahawa da wainar tuffa. Muka yi sallah a kan ciyawa, muka yi sallama.

Komowa

Ni na ja mu. Da muka zo dutsen nan ta ɗaya hannun, na zuba masa ragowar shayi.

Ya ce, "Alhaji, ɗazu birki ƙasa ya kai. Babu komi cikinai. Na so shiga tsakuwa, na ga kana bayana cikin hazo, na san biyo ni za ka yi. Sai na cusa giya, na ce ko ta amsa ko ta hwashe."

Na rage gudu kawai.

Bayan la'asar sakaliya na sauke shi a Beltsville, ƙananan 'ya'yansa suka fito da gudu suka rungume ƙafafunsa. Na isa Clinton ana shirin magariba. Hajiya ta tare ni a ƙofa, ta ce, "Ya hanya?" Na ce, "Lafiya lau." Ta dube ni, ta karɓi fulas, ba ta ƙara tambaya ba.

Godiya ta tabbata ga Allah da ya kai mu ya dawo da mu. Bayan Shi, ina gode wa Malam Isuhu, wanda har yau in na ɗauko zancen sai ya ce ai ba shi ba ne, giyar ce ta amsa.