Madarar Bajimin Oga Felix

Har gobe ban manta da ranar da muka kai tallar madarar gwangwani zangon shanu na Anacha ba. Ba a daɗe da samun 'yancin kai ba, ina sakandare, na samu aikin hutu na tafinta a wani kamfanin talla. Ku na yanzu ba ku sani ba, talla a da fosta ce da lasifika a kan mota, shi ke nan.

Manajanmu Oga Felix mutumin kirki ne, ciwonsa ɗaya: kwalejin da ya gama. Nektai na kwaleji, zobe na kwaleji, ko atishawa ya yi sai ya ce haka ake yi a kwaleji. Tambarin makarantar bajimin sa ne, don haka da aka ce a zana saniya a fosta, sai ya cire bajen kwalejin da ke rigarsa ya ba mai zane ya kwafa. Ƙato, ga tozo, ga komai nasa a fili.

Ga shi hedikwata a Ikko ta bugo waya: kwana uku, in kaya ba su ƙare ba, Oga ya tattara.

Muna kafa fosta dillalai suka kewaye mu suna kallo. Alhaji Ɗanjuma, sarkin zango, ya gyara tabarau, ya dube ni.

"Ɗan Audu, tambayi ogan naka, wa ya tatso wannan?"

Wuri ya kece da dariya, wani mahauci har da zama a ƙasa.

"Wetin dem talk?" in ji Oga, wato me suke cewa.

Na ce masa suna yaba jarumtar kamfani ne. Kai! Mutumin nan ya ƙame ya hau rera taken kwaleji.

Alhaji yana share hawaye ya ce, "Shekara arba'in ina cikin shanu, ban taɓa shan nonon namiji ba. Ba ni biyu, in kai Kano shaida."

Ai sai layi! Masu shayi katan-katan suka kwasa. Kafin la'asar mota wayam, aikin Oga ya tsira.

A hanyar komawa na daure na gaya masa gaskiya. Ya shafa nektai, ya ce wai ban san kwalejinsu ba ne, can ko sa aka sa aiki sai ya ba da madara.

Daga ranar na gane mutanenmu: in ka ba su dariya, za su saya. Amma ku dai, kafin ku buga hoton dabba, ku nuna wa mahauci.