Hagun Yayana a Filin Ma'adi

Ana idar da sallar asuba muka baro unguwarmu ta Hayyin Ashir, ni da yayana. Ɗaliban Pakistan da ke buga wasan kurket a bayan unguwar Ma'adi suna neman mai jifa guda ɗaya, ranar za su gwada Yaya. Tun da muka zo Alƙahira karatu bai taɓa ƙwallo ba, kewar wasan har ta fara ramar da shi.

Ƙaramar bas ta sauke mu a Abbasiya, inda muka karya da ful da ɗa'amiyya, wato dafaffen wake da ƙosan Masar, a tsaye, tururi na dukan fuskokinmu. A jirgin ƙasa na shige taragon mata, wata dattijuwa ta yi ta ɗura mini dabino kamar jikarta. Muka sauya jirgi a Wustul Balad, tsakiyar birni, da ya fito sarari daga ƙarƙashin ƙasa sai ga rana tana zuba zinariya kan rufin gidaje.

Filin ƙasa ne ja, an kafa sanduna uku, mai riƙe da katako yana tsaron su. Yaya bahago ne, gwanintarsa murɗa ƙwallo da wuyan hannun hagu, ta dira nan ta karkace can. Amma da ya ɗago ido, sai ya ga mai tsaron sandunan malaminsa ne na tajwidi. Nan take ya mayar da ƙwallo hannun dama. A gidanmu ko cokali ba a miƙa wa babba da hagu, balle a jefe shi.

Jifa uku, duk malam ya aika su bayan katanga. Kyaftin ɗin 'yan wasan ya fara duban agogo. Ban san lokacin da na miƙe ba.

"Yaya, hagunka fa!"

"Ke, malamina ne!"

Da aka fassara wa malam, dariya ya yi har rawaninsa ya goce. "Yalla ya waladi, maza ɗana, jefo da hannun da Allah Ya ba ka."

Ƙwallon ta tashi a hankali tana juyi kamar mai tunani, ta dira, ta lanƙwasa, ta bi ta gefen katakon malam. Sanduna suka watse! Na yi guɗa a tsakiyar Masar.

Sun ɗauke shi cikin ƙungiyarsu. Da la'asar muka iso gida, Yaya ya yi barci da takalmansa. Ni kuwa na gane wata kunyar tamu, babba ne kaɗai ke iya sauke wa mutum ita.