Ruwan Rijiyar Baba

A wurin aiki Mai Shakka suke ce mata, domin ko ruwa ya yi garau kamar hawaye, sai ta ce, "Bari dai mu tambaye shi." Tun tana budurwa har ta aurar da 'yarta, aikinta ke nan: neman ɓurɓushin maganin feshi a cikin ruwan sha.

Ruwa kan iso mata cikin kwalabe masu duhu, a jere a ƙanƙara. Takan bi da shi sannu ta wani ɗan bututu mai gari a ciki, garin ya riƙe dafin, ruwan ya wuce. Sai ta wanko abin da garin ya kama, ta ƙafar da shi har ya rage 'yan ɗigo, ta ɗura wa na'ura da allura. In akwai dafi, layin da ke kan kwamfuta sai ya yi tsini.

Ruwan gidansu ne kaɗai ba ta taɓa gwadawa ba, sai ranar da ta je gaida mahaifinta ta iske shi yana ɗauraye tankin feshi a gindin rijiya. Ta roƙi kwalba ɗaya ta ruwan.

"Rijiyar da ta raine ki za ki kai ƙara?" in ji tsohon, yana dariya.

"Gaisuwa kawai za ta je, Baba."

Da ta gwada a wurin aiki, layin ya yi tsini. Ta sake gwadawa, ta gwada tsabtataccen ruwa ko na'urar ce ke ƙarya. Ba ƙarya take ba.

Da ta durƙusa ta gaya masa, ya daɗe yana kallon hannuwansa. Shi ya haƙa rijiyar.

"Jikokina sun sha," ya ce.

"Kaɗan ne, Baba, mun tare shi da wuri."

Ya mayar da wankin tanki can ƙarshen gona. Ita kuma ta riƙa kawo masa ruwa a jarka, yana sha yana mitar ba shi da ɗanɗano. Duk zuwa sai ta ɗebi kwalba, tsinin na raguwa har ya kwanta.

Ran nan ya ce sai ya ga na'urar da idonsa. Ya zo da rigarsa ta fita kunya, aka ɗora masa farar rigar aiki a kai, hannayen rigar sun yi masa gajarta. Ya zauna kusa da 'yarsa har aka tashi, yana kallon yadda take aiki.