Gyarar da Na Zuba wa Surukina a Faifai

Edita, a yi haƙuri da rubutuna. A shekarun da wayar salula ta fara shigowa Gashuwa, ni dillalin bandar kifi ne, ina kai kaya Nguru ina dawowa. Bokona bai wuce ajin yaƙi da jahilci ba, shi ma rabinsa gyangyaɗi na yi. Amma a lokacin ban yarda akwai maganar da ta fi ƙarfin kaina ba.

Mijin 'yata malamin lissafi ne. Ya bi ofisoshi ya tattaro tsofaffin kwamfutocin da aka yar, ya jera su a ɗaki ya haɗa da wayoyi, ni kuwa ina yi masa tsiya a bayan ido cewa ya koma sana'ar gwangwani. Ranar da ya tayar da janareta ya ce Baba a zo a gani, na daina tsiyar. Ya ba wa ɗaya daga cikin kwamfutocin wani dogon lissafi na ruwan fadama, sai ta yayyanka aikin ta rarraba wa sauran, kowace ta kama nata kamar 'yan gayya, kafin shayina ya huce sun haɗa amsa. Ya ce wasu mutane ne a ƙasashe daban-daban, ba su taɓa ganin juna ba, suke gina babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, kowa ya ɗauka, ya gyara, ya raba. Shi nasa aikin ƙunshe manhajar haɗa kwamfutocin ne yadda kowa zai iya sawa, kuma ba ya sa komai a ƙunshin sai ya karanta lasisinsa, wato sharaɗin da mai abu ya gindaya. Duk bayanin nan kalma ɗaya na riƙe, kyauta.

Da ya kammala, ya zuba ƙunshin a faifai ya ba ni in kai wani shago a Nguru a kwafa, in ba wani direba ya kai wa abokin surukin nawa a Kano ya ɗora a intanet, don tamu a lokacin ko gaisuwa ba ta iya kaiwa. Mai shagon ya ce faifan ko rabi bai cika ba. Nan dillancina ya motsa. Mu a kasuwa abin kunya ne ka sallami mutum ba gyara, balle kayan da za su je gaban Turawa. Na ce ya zuba duk wata manhaja mai kyau da yake da ita. Ya zuba wata ta zane, ya ce ai mai tsada ce, na ce to madalla. Na dawo ina taƙama, ban gaya wa kowa ba.

Abokin na Kano ya ɗora yadda ya samu. Ba a jima ba wani daga can wata uwa duniya ya gano cewa akwai kayan kamfani a ciki, wanda masu shi suka hana rabawa. Aka dakatar da ƙunshin, aka fara tambaya ko surukina abin yarda ne. Shi ya gane daga inda ɓarnar ta fito, amma kunyar surukuta ta hana shi faɗa. Yana gaishe ni a durƙushe kullum, yana ramewa. 'Yata ce ta zo ta ce Baba ka san ka kusa zubar da aikin mutum na shekaru?

Na je wurin surukina da kaina na ce ya rubuta wa mutanen manhajar gaskiya, ya ce tsohon mai kifi ne ya yi gyara. Ya noƙe, na matsa har ya rubuta. Abin da ya ƙara ba ni mamaki shi ne ba su zage mu ba. Suka bi ƙunshin layi-layi, kowane layi sai sun san wa ya rubuta, me ya yarda a yi da shi, kamar yadda malamai ke bin ruwaya. Ba mai biyansu ko kwabo. Ɗayansu ma wai ya tambayi yadda ake furta gyara. Da suka tabbatar babu sauran kayan wani, suka karɓi ƙunshin da sunan surukina a kai.

Na koyi cewa kyautar mutanen nan a kan amana aka ɗora ta, kuma alheri da kayan wani ba alheri ba ne. Dattawa 'yan uwana, idan yaranku suka ba ku saƙo cikin sana'ar da ba ku sani ba, ku kai shi yadda yake. Ni yanzu ko wasiƙar baka aka ba ni, gaisuwa ma ba na ƙarawa sai na tambaya.