Ranar da Ƙanena Ya Goye Ni a Kogi

Ni ɗan masunci ne, kuma wannan kaɗai ya rage mini da zan ɗaga wa ƙanena kai da shi. Aji biyar na yi a lakwal aka cire ni, na bi baba tafkin Madarunfa. Shi kuwa aka bar shi ya yi ta karatu har ya zama injiniya a Lyon, can Faransa. Ni ina Saint-Denis, gefen Paris, ina gadin kanti, tsaye kamar turke, ina leƙa jakunkunan tsofaffi. Takardar gwamnati in ta zo, shi nake kira ya fassara mini. Amma in zancen ruwa ya taso, dole ya yi shiru. Da damina, in gulbin Maraɗi ya kawo, a bayana nake ƙetarar da shi zuwa lakwal, yana kuka yana shaƙe mini wuya.

Sai ga shi wata rana a waya: "Yaya, na fara kamun kifi."

Na yi dariya har da tari. Asabar na hau jirgin ƙasa don in gani da idona.

Ya kai ni wani kogi da ake kira Ain, tafiyar kamar awa guda a mota. Ya zura wandon roba mai kaiwa ƙirji, ya miƙo mini irinsa. Na ce ban zo Faransa don in zama kwaɗo ba. Ya buɗe wani ɗan akwati cike da ƙugiyoyi, kowace an naɗe ta da zare da gashin zakara ta yi kama da ƙwaro.

"Ina tanar?" na ce.

"Ba a sa tana, Yaya. Wannan kifin, tirwit, ƙwari yake cafka a saman ruwa."

"To kifin ma ya yi lakwal ke nan."

Ya shiga ruwa yana kaɗa igiya a iska, gaba da baya, kamar mai korar jakai daga gona. Awa biyu kafin ya kama guda, mai ɗigo-ɗigon ja. Kyakkyawa ne, ban ƙi ba. Ya ɗauke shi hoto, ya zare ƙugiyar a hankali, ya mai da shi ruwa.

"Ka ba shi lambar wayarka?" na ce. "Allah ya ji ƙan baba da bai ga wannan rana ba."

Da na karɓi sandar kamun kifin, jifa uku na yi: biyu a itace, ɗaya a hulata.

Azahar ta yi. Bakin kogin duk laka da sawun karnuka, amma a tsakiya ga ɗan tsibiri na tsakuwa, fes. Na naɗe wando.

"Yaya, ban da can," ya ce, yana nuna mini wani allo rawaya. "Akwai baraj, madatsar ruwa, a sama. In suna bukatar lantarki sai su saki ruwa, ba sallama."

Na ɗaga kai. Sama tas, ko gajimare babu.

"Mi ka sani game da ruwa? Gulbi ba ya kawowa sai an yi hadari wani wuri. Je ka ci gaba da gaisawa da kifayenka."

Na ƙetara, ruwa iya idon sawu. Na aje takalma bisa wani dutse, na kabbara.

A raka'a ta uku na ji muryar ruwan ta canja. Na san wannan murya tun ina yaro. Ban yanke salla ba, amma Allah ya sani ban taɓa yin tahiya da sauri haka ba. Ina sallamewa na ga dutsen ya nutse, takalmina ɗaya ya kama hanyar Lyon, tsibirin ya rage kamar faifai. Na sa ƙafa, sanyin ya soke ni har ƙwaƙwalwa. Gwiwoyin da tsayuwar kanti ta cinye suka ce ba da su ba.

Sai ga injiniya yana ratso ruwa da sanda, ya kai masa cinya. Ya juya mini baya ya rusuna.

"Hau, Yaya."

"In hau wa?"

"Ko ka hau, ko in kira 'yan kwana-kwana su zo da jiniya. Gobe duk Château Rouge, matattarar mutanenmu a Paris, an ji."

Na hau.

Ya nufi gaɓa kai tsaye, ta inda ruwan ya kwanta lumui. Na buga masa kafaɗa.

"Kai, nan ne rami! Bi inda yake ɓarɓaɗi, can tsakuwa take. Kada ka yi kokawa da shi, karkata ka bi shi. Ja ƙafa, kada ka ɗaga."

Ya bi. Sau ɗaya ya yi tangaɗi, na ƙanƙame shi.

"Yaya, ka shaƙe ni!"

"Shekara uku kana yi mini, na taɓa kai ƙara?"

Ya ƙyalƙyale da dariya a tsakiyar ruwa har muka kusa faɗuwa.

A gaɓa muka zube muna haki. Ya dubi inda ya so bi da fari, ruwan ya yi baƙi yana juyawa. Ya ce, "Wallahi da ta can na bi, da mun sha."

Na ce, "Ai na sani."

Zancen sama tas kuwa bai tayar ba, ni ma ban tayar ba. Na koma Paris da takalminsa na gudu, ya yi mini yawa, ina jan sa cikin metiro, jirgin ƙarƙashin ƙasa. Har yau bai gaya wa kowa ba, ko matarsa. Wannan kirkin nasa shi ya fi ci mini rai.

Watan jiya ya aiko mini hoton wani gurbi a kogin, ya rubuta: "Yaya, ina kifin yake kwance a nan?" Na zana masa bayan dutse na biyu. Ya kama. Ya kuma sake shi, sakarai.