Yaya Ilu da Ramar da Ba Rama Ba

Shekara huɗu ke nan cif, a wannan bazarar, da sanƙarau ya ɗauke yayana Ilu. Allah ya jiƙansa. Lokacin ina da shekara goma sha uku, yanzu kuwa har gashin baki ya fara leƙo mini, sili bakwai, kullum sai na duba ko an samu ƙari. Sunan ƙauyenmu ba zan faɗa ba, ku dai ɗauka yana tsakanin Funtua da Mahuta, domin maganar tabar wiwi zan yi, kuma kun san yadda dokar soja ta ɗauki zafi a kanta.

Yaya ya fara da dako a kasuwar auduga, sannan ya yi yaron mota zuwa Kurmi. Daga can ya dawo da baƙin tabarau da 'ya'yan wani tsiro cikin akwatin ashana. Ya shuka su can ƙarshen gonarmu a tsakiyar rama, saboda ganyen biyun kai ka ce uwa ɗaya ta haife su.

Da yake ya saba ganin malamin auduga na raba kaya lamba-lamba, shi ma haka ya raba nasa. Kan tsiron mai danƙo shi ne lamba ɗaya, direbobi na kiransa Razdan, ƙulli sule guda. Ganye zalla lamba biyu, sunansa Akawu, sisi. Tarkacen kara da 'ya'ya kuwa Masinja, taro, na 'yan dako, wanda in ka sha ba abin da za ka samu sai tari da tunanin bashin kakanka. A tashar mota ba mai kama sunanta. Sai dai a ce ganye, ko abin hanya, ko ka ji direba ya rage murya: "Ilu, Razdan na gari?" Yaya ya gyara tabarau ya ce, "Ya fita rangadi, sai Akawunsa."

Ni na tona wannan asiri, ba kuma da gangan ba. Wata damina Baba ya kira gayyar noma, Inna ta ba ni kwando in tsinko ramar da za a yi wa 'yan gayya kwaɗo. Na je na ga wasu tsirrai kore shar, sun fi sauran tsawo, na ce yau Inna za ta sa mini albarka. Na haɗa da ramar gaske na cika kwando. Ita kuma ranar mura ta toshe mata hanci, ko mushe aka ajiye gabanta ba za ta ji ba. Ta dafa, ta zuba ƙuli da mai da barkono ba tausayi.

Mai unguwarmu, dattijon da tun da nake ban taɓa ganin haƙorinsa ba, ya biyo duba aiki, aka ba shi akushinsa shi kaɗai. Kafin la'asar 'yan gayya sun yar da fartanya suna dariyar kunyar dawa wai ta karkace. Mai unguwa kuwa ya tsaya gaban jakinmu ya cire takalmi, ya tambaye shi gida, ya tambaye shi iyali, ya tambaye shi ruwa da gajiya. Ni na ce sun yi awa biyu suna gaisawa. Inna ta ce in ji tsoron Allah, bai fi rabin awa ba.

Mun yi dariya kwana uku. Yaya bai yi ba. Baba ya daina cin abinci da shi, kasuwar auduga suka daina ba shi dako, gidan da yake neman aure suka maido masa da goronsa. Ya tuge tsirran nan da hannunsa ya ce ya bari har abada. Sai ga wani ɗan doka da ya saba karɓar Razdan kyauta, ya zo har zaure ya ce masa in kaya ya yanke, shi ma shirunsa ya yanke. Damina ta zagayo Yaya ya sake shuka. Na taɓa tambayarsa me ya hana shi gudu, ya ce, "In na gudu Baba za su kama, ɗan banza. Je ka yi karatunka." Bai taɓa ce mini ni na jawo ba, ko sau ɗaya, kuma wannan ya fi mini duka ciwo.

Da zai leƙo tashar Funtua yau, da tabarau ɗinsa ya faɗi. Masinjan da yake sayarwa taro yanzu sule ake sayar da shi, an ma gauraya shi da busasshiyar rama, yara na sha suna rantsuwa ya kama su. Razdan kuwa sai mai fam a aljihu. Sunayen da ya raɗa suna bakin mutanen da ba su taɓa jin akwai wani Ilu ba. Ina jin zai yi dariya tukuna, sannan ya tambaya mutum nawa aka ɗaure a kansa.

Ni kuma da ya ce in je in yi karatu, na yi. Na ci jarrabawar makarantar horon malamai, saura takardar shaidar hali, wadda sai mai unguwa ya dangwala hannu. Sau uku ina zuwa ina durƙusawa har gwiwata ta yi kanta. Na farko ya ce in dawo, na biyu aka ce yana barci. Na uku ya dube ni ya ce, "Kai ne mai kwandon ko? Wanda bai san rama ba, me zai koya wa 'ya'yan mutane?" Aka rufe karɓar takardu, tawa tana aljihu.

To, me ya rage na Yaya? Babu ɗa, babu ɗaki, Baba ya sayar da kekensa. Akwai haƙurin da ya yi da ni, wannan ni kaɗai na san nauyinsa. Akwai kuma tsiron, wanda kowace damina yake fitowa da kansa a ƙarshen gona, ni da Inna mu bi mu tuge kafin wani ya gani.

Ranar kasuwar da ta wuce wani tsohon direba ya tare ni a bakin tasha, ya ja ni gefe ya yi mini ta'aziyyar da ta makara shekara huɗu. Sannan ya ce in bana na bar ko da kunya biyu ba tugewa, shi zai kwashe duka a farashin lamba ɗaya. Duk ƙasar nan shi kaɗai ya yi mini tayin aiki bai nemi takardar shaida ba. Na buɗe baki in ce a'a, sai na ji kaina ina cewa ya bari ruwa ya sauka tukuna.