AI Ya Goge Mini Amarya

Jama'a, yau AI ya goge mini amarya guda!

Bikin tagwaye na ɗauka a Hunkuyi, Hassana da Usaina, kaya iri ɗaya. Kwamfutar shagona ta cika, na ce wa AI ɗin da ke cikinta ya share hotunan da suka maimaitu. Ban ce ya fara tambayata ba. Sai ga mahaifiyarsu ta zo karɓa. Na buɗe: Hassana, Hassana, Hassana!

Na tambayi AI ina Usaina, wai ai mutum ɗaya ce!

Hajiya ta ce, "Ɗan nan, ni da na haife su sai na kira suna. Shi ba ya tambaya?"

Na ƙwace masa ikon gogewa. Wa ya iya dawo da hoto? Hajiya tana kan bencina, ta ce ba ta tashi sai da Usaina!